Shingen kare da ido ba ya gani: wayar ƙasa, akwatin ɗaki, GPS, ko dai katanga?

A unguwannin bayan gari na Amurka, gidaje sukan jeru kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, babu katanga babu danga tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Sai ka ga ƙaton kare ya sheƙo da gudu daga bakin ƙofa, kana shirin neman wurin ɓuya, shi kuwa ya ci birki taku kaɗan kafin bakin titi, ya tsaya yana haushi, ba ya ƙara ko taku ɗaya. Wanda ya tashi a inda gida ba ya cika gida sai da katanga da zaure dole abin ya ɗaure masa kai. Abin da ya tsayar da karen yana binne ƙarƙashin ciyawa, sauran kuma yana rataye a wuyansa.

Wani ɗan kasuwa a jihar Pennsylvania mai suna Richard Peck ne ya ƙirƙiro dabarar, ya samu rajistar mallakarta a 1973, daga nan kuma kamfanin Invisible Fence ya samo asali. Da wa'adin rajistar ya ƙare, wasu kamfanoni suka shigo, irin su PetSafe da SportDOG, har aka kai yau da ake da iri uku: mai waya a ƙasa, mai akwati a ɗaki wanda ba ya buƙatar waya, da mai aiki da tauraron ɗan'adam, wato GPS. Dukkansu hanyarsu ɗaya. Ana ɗaura wa kare kwala mai batir, da ƙusoshi biyu marasa tsini da ke taɓa fatar wuyansa. In ya doshi iyaka, kwalar ta yi ƙara. In bai juya ba, ta ja shi da wuta. Masu sayarwa sukan ce jan bai wuce wanda mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota a tsakiyar hunturu ba. A matakin ƙasa hakan na iya zama gaskiya, amma kada mu yaudari kanmu: da abin ba ya damun karen, da bai tsayar da shi ba.

Duk wanda zai zaɓa, ina so ya riƙe abu ɗaya tun yanzu. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ke tare kare. Horo ne ke tare shi, na'urar tuni kawai take yi masa. Saboda haka tambayar ba ta tsaya kan wace na'ura ta fi inganci ba. Ta haɗa da irin filinka, irin karenka, da ko kana da lokacin da horon ke ci.

Mu fara da mai waya, don ita ce uwa, kuma har yanzu ita ta fi tsayuwa kan iyaka ɗaya. Ana kafa akwatin da ke aika sigina a wuri busasshe, galibi gareji, nesa da firiji ko injin wanki ko duk wani babban ƙarfe. Waya ta fita daga akwatin, ta zagaye filin, ta dawo cikinsa. Dole ta dawo. In zagayen bai haɗe ba, babu sigina. Ba wutar da ke kisa ce ke bin wayar ba, siginar rediyo ce mai rauni, yaro zai iya taka ta ba abin da zai ji. Akwai maɓallin da ke faɗaɗa ko rage nisan da kwala za ta fara jin siginar daga jikin wayar.

Aikin binnewar ba shi da zurfi, inci 1 zuwa 3 ya isa. A tsaga ƙasa da bakin shebur, a cusa wayar, a taka. Sai dai akwai abubuwan da suka fi tonon muhimmanci. Kafin a sa shebur a ƙasa a Amurka, ana kiran lamba 811 kyauta, a zo a yi alamar inda bututun gas da wayoyin wuta suka bi. Sannan a shimfiɗa wayar a fili tukuna, a kunna, a riƙe kwalar a hannu daidai tsayin wuyan kare a zagaye filin kaf, a ji inda take ƙara. Wanda ya binne kafin ya gwada, shi ne zai tone. Kusurwa ba a yi mata lanƙwasa mai kaifi, sai a zagaya da ita a hankali, don sigina kan rikice a nan. Idan wayarka za ta gamu da wata wayar wuta ko ta talabijin da ke binne, ta gitta ta kai tsaye, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. In suka jeru, siginar kan tsallaka cikin waccan wayar ta bi ta har cikin gida, kare yana kwance a falo wuta ta ja shi bai san laifinsa ba.

Akwai wata dabara a nan da ke burge ni. Daga akwati zuwa bakin iyaka, wayar fita da ta dawowa suna bi ta tsakiyar filin da kare zai yi wasa. Yaya za a yi kada nan ma ya zama iyaka? Sai a murɗe su biyun da juna kamar igiya. Siginar ɗaya ta kashe ta ɗayar, kare ya tsallaka lafiya lau. Da wannan dabarar ce ake kai waya tsakiyar fili a kewaye lambun kayan miya ko kwamin wanka, ya zama tsibirin da kare ba ya shiga. Wajen ƙetare hanyar mota ta siminti kuwa, ko a bi tsagin da magina suka bari, ko a yanka siriri da injin yanka, a kwantar da wayar a toshe. In hanyar tsakuwa ce, a zura wayar cikin tiyo kafin a binne.

Raunin wannan tsari shi ne wayar kanta. Tana tsinkewa. Injin yankan ciyawa, saiwar itace, ɓera, ko mai gyaran famfo da digarsa, kowanne na iya raba ta biyu. Akwatin zai yi ta ƙara ya sanar da kai, amma ba zai faɗa maka inda ta tsinke ba, kuma neman wurin a fili mai faɗi aiki ne na haƙuri. Wayar da ke zuwa cikin kwali yawanci siririya ce, lamba 20, tsawon ƙafa 500, wadda ke kewaye kusan sulusin eka. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi mai kauri, lamba 14 ko 16, ya saya wa kansa kwanciyar hankali ta shekaru. Duk inda aka yi haɗi kuma, a sa shi cikin ɗan kwanson da ke hana ruwa shiga. Haɗin da aka naɗe da salatif kawai ba ya wuce damina ɗaya. Kuɗin kayan, in da hannunka za ka yi, dala ɗaruruwa kaɗan ne. In kamfani zai zo ya kafa ya kuma taya ka horo, yakan haura dala 1,000.

Mai akwati a ɗaki ba ta buƙatar dogon bayani. Ka jona ta a soket, ta watsa sigina a da'ira, kare na ciki lafiya, ya fita wuta ta ja shi. Cikin sa'a ɗaya ko biyu an gama, kuma in ka tashi daga gidan haya ka ɗauki abarka. Amma da'ira kawai ta iya, mafi nisa kamar ƙafa 90 zuwa 105 daga akwatin, alhali filaye ba da'ira ba ne. In ka buɗe ta ta kai ƙarshen bayan gida, ta gaba ta faɗa kan titi. In ka rage ta saboda titi, rabin bayan gidan ya tafi a banza. Rufin kwano, motar da aka ajiye, gangare, duk suna karkatar da iyakar, yau tana nan gobe ta matsa. Kare kuwa da wuri yake koyo, yana gane cewa daga wancan itace zuwa wancan dutse ne haddinsa. Iyakar da ke yawo zalunci ce a gare shi. Ban ga wanda zan ba shawarar wannan ba sai mai haya a fili shimfiɗaɗɗe, gida a tsakiya, nesa da babban titi.

GPS ita ce sabuwar shigowa, kuma ita ce ake ta talla. Kamfanoni irin su SpotOn da Halo suna sayar da kwalar da ke karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam. Ka zana iyaka a taswirar wayar salularka, ko ka taka gefen filin da ƙafa kwalar na hannunka, shi ke nan. Babu tono, babu tsinkewa, tana ƙetare rafi da dutse da daji, kuma za ka iya ajiye iyakoki da yawa, na gida daban na gona daban. Wasu suna nuna maka inda kare yake in ya fita, abin da sauran biyun ba sa yi ko kaɗan. Akwai kuma wani alheri da ya kamata a yaba: an tsara manyan cikinsu yadda ba sa jan karen da ke kan hanyar komowa gida.

Sai dai GPS ba ta san taku ɗaya ba. Iyakarta kan goce da 'yan ƙafafu, ta ƙara gocewa a ƙarƙashin manyan itatuwa ko kusa da dogon gini. A gonar eka 20 wannan ba komai ba ne. A gidan da tsakanin ƙofa da titi bai fi taku goma ba, wannan gocewar ita ce tsakanin ciyawa da tayar mota, shi ya sa kamfanonin da kansu ke cewa ba don ƙananan filaye aka yi ta ba. Kwalar tana da nauyi, ba ta dace da ƙaramin kare ba. Tana son caji kusan kullum, alhali batirin kwalar mai waya kan yi wata ɗaya zuwa uku. Ranar da aka manta caji, ranar babu shinge. Kuɗinta daga dala ɗaruruwa zuwa wajen 1,000 ga kowane kare guda, ga kuma kuɗin wata-wata da wasu ke karɓa.

To, ko wacce ka ɗauka, horon iri ɗaya ne, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ana kafa ƙananan tutoci farare a kan layin da kwala ke fara ƙara, tazarar kamar ƙafa 10. Kwanakin farko ana kashe jan wutar gaba ɗaya, a bar ƙara kawai. Ka ɗaura wa kare igiya a wata kwala daban, ba a jikin mai batir ba, don in ka ja za ka danna masa ƙusoshin a maƙogwaro. Ka cika aljihu da 'yan gutsattsarin nama ko hanta busasshiya. Ku taka tare zuwa wajen tuta. Da ƙarar ta tashi, za ka ga kunnuwansa sun miƙe, ya juyo yana kallonka yana neman bayani. A wannan daƙiƙar ka juya da sauri, ka kira sunansa da fara'a, ku ruga cikin fili, ka ba shi nama, ka shafa shi. Sai wata tutar. Minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, a kuma rufe kowane zama da wasa a tsakiyar filin, don ya san nan wurin daɗi ne. Abin da ake so ya shiga kansa shi ne, ƙara na nufin juya baya. Karen da ya koyi tsoro kawai bai san ta ina zai gudu ba, kuma rabin lokaci gaba zai yi.

Bayan ya fara juyawa da kansa ne ake kunna jan wutar, a mataki mafi ƙasa, har yanzu igiya na hannu. Daga nan sai jarrabawa: a jefa ƙwallo ta wuce tuta, wani ɗan gida ya ƙetare ya tafi ba tare da ya kira shi ba, maƙwabci ya wuce da nasa karen. Kada a taɓa kiran kare daga wajen iyaka don a gwada shi. Ka koya masa amsa kira, sannan ka hukunta shi don ya amsa. Wannan cin amana ne, kuma yana ɓata kiran har abada. Sai ya ci waɗannan jarrabawa ake sakin igiya, kana tsaye kana kallo. Kamfanoni sukan ce mako 2, amma a bar tutocin su kai wata, a riƙa cire ɗaya ana barin ɗaya har su ƙare. Fita yawo ma da ƙa'idarta: a cire kwalar, a bi ta wuri ɗaya kullum da kalma ɗaya, ko a sa shi a mota a ƙetare da shi.

Kwalar kada ta wuce sa'a 12 a wuya cikin yini. Ciwon da ake gani a wuyan wasu karnuka, wanda mutane ke zaton ƙunar wuta ce, yawanci gugar ƙusoshi ce a fata wuri ɗaya kwana da kwanaki. Yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin ƙusa da fata, a riƙa duba wurin kullum, a wanke. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba a dakata masa.

Yanzu ga abin da masu talla ba sa son daɗewa a kansa. Kare mai zafin farauta, in ya hango zomo ko kurege ko barewa, jininsa ya hau, yakan ratsa iyakar a guje, jan wutar na daƙiƙa ɗaya bai dame shi ba. Can in hankalinsa ya dawo, ya juyo gida a gajiye yana tafiya sannu, sai ƙara ta tashi, wuta ta ja shi. Da mai waya, shingen da aka kafa don ya tsare shi a ciki shi ne yanzu ya tsare shi a waje, yana zaune bakin titi yana kallon ƙofar gidansu. Masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio sun tambayi masu karnuka 974 a birnin Columbus, aka buga sakamakon a 2017: kashi 44 cikin 100 na karnukan da ke cikin shingen lantarki sun taɓa tserewa, na cikin shinge na gaske kuwa kashi 23. Kusan ninki biyu ke nan.

Akwai kuma karen da abin ke karya masa zuciya. Wuta ta ja shi sau ɗaya, ya ƙi fita tsakar gida kwata-kwata, har ya koma yin fitsari a ɗaki. Wani kuma yakan haɗa zafin da abin da yake kallo lokacin da ya ji shi. Ya rugo da murna wajen yaron da ke wucewa a keke, wuta ta ja shi. Gobe haka, jibi haka, sai ya yanke cewa yara masu keke ne ke cizonsa. Saboda irin wannan ne likitocin halayyar dabbobi da yawa ba sa goyon bayan abin, kuma yankin Wales na Birtaniya ya haramta kwalar lantarki ga karnuka da kyanwoyi tun 2010, har da ta shinge. Ingila kuwa, da gwamnati ta bayyana niyyar hana kwalar da ake latsawa da hannu a 2018, ta ware ta shinge ba ta haɗa da ita ba. Adalci ne kuma a faɗi cewa wani bincike na Jami'ar Lincoln a 2016, kan kyanwoyin da ke zaune cikin irin wannan shinge, bai gano wata illa mai ɗorewa a tare da su ba. Mai zaune a Turai ya binciki dokar ƙasarsa kafin ya yi oda.

Babban gibin dai shi ne, shingen nan ba ya hana kowa shigowa. Karen maƙwabci, kwayoti mai kama da dila da ke yawo a unguwannin Amurka, ɓarawon kare, yaron da ƙwallonsa ta faɗo, duk hanya a buɗe take. Naka karen ne kaɗai ke da iyaka, kuma ba shi da wurin gudu. Mai kawo wasiƙa ma ba ya ganin komai sai kare na tahowa.

Wannan ne ya sa nake ganin katanga ko shingen waya mai raga ya fi duka ukun, duk inda hali ya yi. Yana da tsada, na katako a Amurka yakan ci dala dubbai, kuma kare mai tono ko tsalle yana iya cin galabarsa in ba a yi shi da tsayi da gindi mai kyau ba. Amma ba ya buƙatar batir, ba ya ciwo, yana aiki ta ciki da ta waje. Dalilin da ya sa shingen ɓoye ya samu kasuwa a can shi ne ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni da yawa suna hana kafa shinge, musamman ta gaban gida, ga kuma filaye masu faɗin da kewaye su da katako sai mai hannu da shuni.

Ga wanda ke Kano ko Kaduna ko Maradi yana tunanin yin oda, lissafin ya sauya. Akasarin gidaje da katangarsu, kuma karen da ake ajiyewa na gadi ne ko farauta ko kiwo, irin da zafin zuciyarsa ya fi saurin ratsa iyaka. Mai waya da mai akwati duka da wutar gida suke aiki, da an ɗauke wuta shinge ya ɓace, sai in an haɗa su da sola ko inbata. Kayan da aka yi don Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 220 zuwa 230, a duba abin jonawar kafin a sa a soket. Doguwar waya a ƙasa kuma tana jawo tsawa zuwa cikin akwatin, don haka da damina sai da na'urar kariya. Sannan ga ciwon haukan kare: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Shingen da ke barin karen titi ya shigo ya yi faɗa da naka bai tsare maka iyali ba. Mu kuma gidajenmu ba sa rabuwa da masu shigowa. Yarinya ta zo da kwano ta tsaya daga nesa tana "Salamu alaikum, Baba, wai in ji Inna a kama karen in shigo", ba za ka ce mata ta yarda da wayar da ba ta gani ba. Inda na ga amfaninsa a nan shi ne cikin katanga: a gidan gona, a binne waya a raba kare da akurkin kaji, ko a hana shi isa bakin get inda yake fita in an buɗe wa mota, ko wurin da ake salla da alwala.

Saboda haka, mai ƙaramin fili ko matsakaici a unguwar da aka hana shinge, kuma karensa mai sanyin hali ne, ya ɗauki mai waya, ya sayi waya mai kauri, ya ja iyakar baya sosai daga titi da hanyar masu tafiya a ƙafa. Mai gona ko fili mai eka da yawa ya duba GPS, in zai iya riƙe cajin kullum. Wanda karensa ya taɓa cizo, ko matsoraci ne, ko mai bin duk abin da ya gifta a guje, kada ya sa masa ko ɗaya daga ciki. Ya kewaye ko da ɓangaren bayan gida ne da waya mai raga, ya riƙa fita da shi yawo da igiya safe da yamma. In kuwa tsoho ne da ji ko gani ya fara yi masa rauni, ba zai ji ƙarar gargaɗin ba balle ya ga tuta, sai dai jan wutar kawai ya same shi, don haka a fara kai shi wurin likitan dabbobi a duba kunnensa da idonsa kafin a kashe ko sisi.